Ƙasar Malam Sale da Ba Ta Jin Tsami

Uthman, ajiye wayar nan. Ee, sunanka na kira, ɗan fari ko ba ɗan fari ba, yau ba ranar kunya ba ce. Kauthar, bar kwanukan nan, babu inda za su je. Manniru, kai ka fi kowa bukatar matsowa kusa, don a bayan motarka fitinar ta shigo gidan nan. Babanku ya tafi kasuwa, na kuma san abin da ya je saye. Kafin ya dawo ya cika muku kunne, ku ji nawa.

Kun ga bishiyar lemon tsamin can ta tsakar gida? A kanta ake rigimar. Amma ba za ku gane ba sai na koma da ku baya.

A Legas babanku masinja ne a ma'aikatarsu. Aikinsa ya ɗauki fayil daga wannan ofis ya kai wancan. To akwai wani ɗaki a ƙasan bene, lab suke ce masa, inda masu fararen riguna suke gwada ƙasa da taki, kuma duk fayil ɗin da hanyarsa ta bi ta nan sai ya makara, domin Malam zai manne a taga yana leƙe har a tashi aiki. Wata rana suka yar da wata farar riga da magani ya cinye mata hannu ɗaya. Ya tsince ta, ya sa na wanke, ya ninke ta a ƙasan akwati, ƙarƙashin kayan Sallarsa. Tun daga ranar, ko tuwo ne ya yi ruwa sai ya ce, "Hansatu, a lab ba haka muke yi ba."

Da aka fara kwaso ma'aikatu zuwa Abuja, muna cikin 'yan gaba. Muka sami ɗakin kwano a Jabi, bayan tasha. Ku da kuka buɗe ido kuka ga gari ba za ku yarda ba: jar ƙasa ce ko'ina, katafila na ture tudu, tirela na sauke rodi, inuwar da mutum zai raɓa sai ta jikin mota. Uthman na goye, Kauthar na ciki, ni kuwa ba na iya zaman banza. Na shiga tsintar gwangwanayen madara ina cika su da ƙasa, ina dasa ƙwallon mangwaro da gwaba da lemo, da furannin da nake roƙowa reshe-reshe a wurin masu aikin lambun otal. Da ruwan da nake ɗebowa a ka daga tafki na raine su, har ƙofar ɗakinmu ta zama ita kaɗai ce kore a layin.

Ran nan sai ga motar Alhaji Datti, ogan babanku, ta tsaya. Mutumin kirki ne, ya yi karatun gona har ƙasar waje. Ya sauko ya yi ta zagaya gwangwanayen.

Ya ce, "Malama Hansatu, waɗannan naki ne?"

Na ce, "Nawa ne, ranka ya daɗe."

Ya ce, "Ranar da ma'aikatarmu za ta tare a sabon gininta, ina son su a jere a ƙofa cikin tukwane masu kyau. Ɗaya kuma babban baƙo zai ciro ya dasa da hannunsa. In sun yi kyau, lambun ma'aikatar duka ke za ki riƙe. Sai dai a kula da ƙasar tukunya. Takin zamani yakan sa ta yi tsami a hankali, shuka ta lalace. A nemi wadda ke jure tsami, ba ta saurin canzawa."

Na ce to. Mota ba ta gama juyawa ba na ji ƙarar murfin akwati a ɗaki. Sai ga Malam ya fito cikin farar rigar nan, hannu ɗaya dogo, ɗaya guntu, yana warin kafur.

Ya ce, "Kin ji ko? Aikinmu ne na 'yan lab ya zo."

Na ce, "Malam, da ni ya yi magana."

Ya ce, "Da ke ya yi magana, amma ni ya kalla. Ke kin san shuka, ni na san ƙasa. Zan auna kowace ƙasa in ga wadda ta fi taurin kai. Wadda ta ci, ita za mu zuba. Daga nan sauran ma'aikatu su biyo layi. Wallahi duk tukunyar da za a ajiye a Abuja sai ta bi ta hannun nan!"

Na ce, "Wanne daga ciki, mai riga ko marar riga?"

Bai kula ni ba. Kafin azahar ya tara yashin bakin tafki, da garin katako daga wurin kafintoci, da buntun shinkafa, da baƙar ƙasar gindin kuka, da busasshen kashin shanu da ya yi takanas har Dei-Dei ya ɗebo. Ya jiƙa kowanne a kofi. Ma'auni kuwa babu, don abin da 'yan lab suke tsomawa bai biyo shi daga Legas ba. Sai ya ce ai kafin Bature ya ƙera ƙarfe, Allah ya ƙera harshe.

Maƙwabcinmu Jacob, Gbagyi ne mutumin Bwari, manomin doya da ya zo yana gadi a wani kamfanin gini. Ya leƙo ta kan dangar kwano.

Ya ce, "Oga Sale, wannan abinci ne ko magani?"

Malam ya ce, "Risac ne, bincike irin namu na 'yan lab."

Jacob ya ce, "Matarka ya ƙi dafa maka ne? Ka zo, akwai doya."

Malam ya kurɓi na yashi, ya ɗaga kai sama. "Lami." Ya kurɓi na katako. "Akwai ɗaci, wannan maɗaci aka yanka." Ya kurɓi na buntu, ƙaiƙayi ya maƙale masa, ya yi tari har hularsa ta faɗi. Sai ya zo kan na Dei-Dei. Ya kurɓa. Ya haɗiye da ƙyar. Idonsa ya kawo ruwa.

Jacob ya ce, "Yaya?"

Malam ya ce, "Akwai... akwai bayani a ciki."

Jacob ya ce, "Ƙara sha ka ji ƙarshen bayanin."

Ƙarshen bayanin kuwa duk layi suka ji shi, don yini ya yi yana sintiri tsakanin ɗaki da bayan gida, buta a hannu, farar riga na kaɗawa a bayansa kamar tuta. Matan bakin famfo suka sa masa Dokta Hannu Ɗaya. Da labari ya kai masa, rabin farko kawai ya ji. Ya ce, "Kin gani? Jama'a sun fara ganewa."

Lokacin ina yin zoɓo ina kaiwa tasha. Yana kwance yana jinyar ciki, na ba shi kofi ɗaya da ban sa wa sukari ba. Ya miƙa hannu kan kanta zai ɗauko cokali, ya turo ƙullin kanwata, wani ɓari ya faɗa cikin kofin. Jan zoɓon nan ya rikiɗe ya koma kore mai duhu. Malam ya yi ihu har Uthman ya farka. Ya fizgi lemon tsami ya matsa a ciki, zoɓo ya dawo ja.

Ya ce, "Allahu Akbar! Hansatu, na gano!"

Na ce, "Me ka gano? Duk yarinyar da ta taɓa yin miyar yakuwa ta san kanwa da tsami ba sa shiri."

Ya ce, "Ta sani. Amma ta auna?"

Ga dabarar tasa: a zuba ƙasa a kwano, a tsiyaya ruwan zoɓo, a bari ya kwanta, sannan a riƙa matsa lemo kaɗan-kaɗan ana juyawa. Ƙasar da ruwanta ya yi ja zur tun daga matsar farko, raguwa ce. Wadda ta sha lemo da yawa kafin ta yi ja, ita ce jaruma. Ke Kauthar da kika yi jami'a, kin taɓa ce mini dabarar ba ta da laifi. Na yarda. Dabarar lafiyarta ƙalau, hannun da ta faɗa ne Allah ya jarrabe ta da shi.

Washegari na dawo daga ɗiban ruwa na tarar tukunyar zoɓon sayarwata wayam, kwanukan jerena kuwa, waɗanda ko baƙo ban taɓa zuba wa abinci a ciki ba, an jera su kan benci, kowanne da laka a gindi, an rufe da faifai. Yashi ya faɗi tun lemon farko. Katako ya bi shi. Buntu ma bai yi wani abin kirki ba. Baƙar ƙasa da kashin shanu suka ɗan yi gardama, sannan suka miƙa wuya suka yi ja. Malam bai gamsu ba. Wai shi ba mai gardama yake nema ba, wadda ba ta san ana yi ba yake nema.

Ana cikin haka, rana ta take, sai ga Yamusa. Direban babbar mota ne a Dei-Dei, abokin babanku tun Legas. Ya shigo yana haɗa gumi, Malam ya zaga baya, ni ina ɗaki. Ya ɗaga faifai ya ga jan ruwa ya kwanta garau. Ya yi bisimilla ya kafa kai.

Ya ce, "Hansatu! Zoɓon nan naki yau akwai gardi, amma kin manta sukari. Me kuma kika sa a ƙasa-ƙasa haka, citta ce?"

Malam ya fito da gudu. "Innalillahi! Ka shanye mini rizol, sakamakon bincikena!"

Yamusa ya ce, "Na shanye me?"

Jacob ya leƙo, ya ƙirga kwanukan da ido, ya ce, "Oga direba, na saniya ka sha."

Ban taɓa ganin ƙato ya yi tsalle irin na ranar ba. Ya tofar, ya kuskure baki, ya zagi zoɓo, ya zagi saniya, ya zagi wanda ya fara ɗinka farar riga a duniya. Da ya gaji ya zauna a kan turmi yana kallon babanku. Can ya ce, cikin murya mai sanyi, "Wai Sale, me kake nema ne haka?"

Malam ya yi masa bayani tun daga Legas.

Yamusa ya ce, "Ƙasar da ba ta jin tsami? Ai tana bayan motata, kullum sharewa muke yi. Kyauta zan kawo maka."

Ku lura, motar Yamusa yau ta ɗauko shanu, gobe yashi, jibi siminti, kuma buhunan siminti ba sa isa Abuja ba tare da rabinsu sun fashe a hanya ba. Duk wanda ke Jabi ya san haka. Babanku shanun kawai ya tuna. Da safe aka juye mana tsibi guda a ƙofa, toka-toka, da ɗan ja-ja, da 'yar ciyawa nan da can. Har yau ban sani ba ko taimako Yamusa ya yi ko ramuwa. Ya rasu ban tambaye shi ba, Allah ya jiƙansa, amma duk sanda muka haɗu sai ya kau da kai kafaɗunsa na rawa.

Malam ya ɗebi cikin ludayi ya zuba a kwano, ya tsiyaya zoɓo. Ruwa ya koma kamar miyar kuka. Ya matsa lemo. Ya yi ɗan kumfa, ya tsaya a korensa. Ya ƙara. Ko gezau. Ya ƙara, ya ƙara, lemona ya ƙare. Ya tsallaka gidan Jacob, inda matarsa Maman Innocent ta kawo lemo kwando guda daga Bwari za ta kai kasuwa. Kafin ta fito daga wanka kwando ya koma ɓawo. Ya jiƙa tsamiyata ya juye. Ya juye ruwan tsamin gasarar kokona. Wata Bafulatana ta zo wucewa da nono mai tsami, ya tare ta, ita ma ƙwaryarta ta shiga risac. Kwano ya cika, aka koma baho. Duk sanda ruwan ya ɗan nuna alamar ja, da ya juya da muciya sai ya koma kore.

Kafin la'asar 'yan kamasho da masu shayi da masu facin taya sun baro tasha sun kewaye mu. Duk matsa ɗaya sai su ɗauki ihu, "Dokta! Dokta!" Wani ya ce a gwada ruwan batir. Allah ya taimake mu mai motar ya ƙi.

Malam ya hau kan turmi, hannunsa duk ya yi fari ya tattare, ya ce, "Jama'a ku shaida! Daga yau sunan ƙasar nan Sale Lamba Ɗaya!"

Maman Innocent ta ce, "Lemona kuma lamba nawa?"

Ni dai na dumbuzi ƙasar na murza, na ji tana cin hannu. Na ce, "Malam, ba na son ta. Gobe zan tafi Bwari, A'isha ƙanwata ta haihu, sai an yi suna zan dawo. Ga tukwane an kawo. Kada ka taɓa mini shuka ko ɗaya sai na zo."

Ya dafa ƙirji da hannun marar riga, ya ce, "Haba Hansatu. Ni?"

Da safen ranar tarewar ma'aikata na dawo, da niyyar in juye shukokina a tukwane da ƙasarsu ta gwangwani, a kwasa a kai. Tun daga nesa na ga ƙofarmu ta koma ja irin ta kowa. Maman Innocent ta tare ni a hanya.

Ta ce, "Maman Uthman, ka zo? Zauna tukuna ka sha ruwa."

Na ce, "Ina shukokina?"

Ta ce, "Ka sha ruwan dai."

Gwangwanaye ne tuli a gefe, babu komai a ciki. Saura guda ɗaya tak a gindin danga: wani ɗan lemon tsami ƙanjamamme, mai ganye uku, wanda ni kaina na fid da rai da shi. Ta ce Dokta ya ɗaga shi ya duba ya ce bai cancanci shiga Lamba Ɗaya ba.

Sauran kuwa, tun ranar da na tafi ya kwaɓa ƙasar da ruwa da shebur, ya kakkaɓe saiwar kowace shuka tas, ya tsayar da ita a tukunya, ya zuba kwaɓin, ya daddanna, ya shafe saman da katako don ya yi sumul. Safe da yamma yana yayyafa musu ruwa. Jacob ya ce masa, "Oga Sale, haka fa 'yan bulo suke yi wa bulo wanka." Ya ce, "A wurina suka gani." Da ganye ya fara langaɓewa ya ce gajiyar sauyin gida ce. Da ya zube gaba ɗaya, sai ya tashi da sassafe a ranar, ya hau mangwaron wani a ƙauyen bayanmu, ya tsinko ɗanyen ganye buhu guda, ya zauna da baƙin zarena ya ɗaura wa kowane tsinke.

Ban sha ruwan ba. Na gyara goyo, na tura cikina gaba, na tari mota.

Na tarar an kafa rumfuna, manya sun cika kujeru, 'yan badujala na gefe da kakakinsu. Tukwanena suna jere a saman matakala, ana sauke na ƙarshe daga mota. Ƙarti huɗu ne a kan tukunya ɗaya, jijiyoyin wuyansu kamar za su tsinke. Babanku na tsaye, farar riga ta sha guga a kan kaftani, yana nuna musu wuri da biro.

Alhaji Datti ya matso ya ce, "Sale, me ya sa suke nishi haka?"

Ya ce, "Nauyin inganci ne, ranka ya daɗe."

Na kutsa zan yi magana, ɗan sanda ya tare ni, ya ce nan wurin manya ne. Ina ji ina gani aka taso babban baƙo, wani dattijo mai babbar riga da tabarau, aka kawo shi gaban tukunyar da ta fi kowace girma, aka miƙa masa ɗan ƙaramin shebur mai ƙyalli da aka ɗaura wa ƙyalle kore da fari. Ya sunkuya ya ƙura wa shukar ido.

Ya ce, "Wannan gwaba ce ko mangwaro?"

Malam ya yi caraf ya ce, "Aure na yi musu, ranka ya daɗe."

Sai iska ta taso. Ganyen nan suka shiga juyawa a kan zare kamar fanka. Baƙo ya cire tabarau ya goge ya mayar. Ya ɗaga shebur ya soka a ƙasar.

Ƙwang!

Mai gangar badujala ya ɗauka alama ce aka ba su, suka kece da kiɗa. Aka yi ta ɗaga musu hannu kafin su tsaya. Baƙo ya tattare hannun riga, ya sake sokawa da ƙarfi. Bakin shebur ya lanƙwashe ya kalli sama.

Alhaji Datti ya durƙusa ya ƙwanƙwasa ƙasar da bayan yatsa, ta amsa masa kamar ƙofa.

Malam ya ce, "Sai an ɗan jiƙa ta, ranka ya daɗe." Ya ɗauko butar ruwa ya juye. Ruwa ya malale ta gefe ya shige takalmin baƙo.

Wani mai hankali a nan zai nemi hanyar bayan gini. Babanku lasifika ya nema. Ya ciro kwalbar zoɓo daga wannan aljihu, lemo daga wancan, ya ce, "Manyan baƙi, kada ku duba taurinta, ku duba halinta!" Ya tsiyaya zoɓo a saman tukunya, ya matsa lemo, ya matsa, wani ya fantsama a idon baƙo. Ya ɗaga murya, "Ku gani da idonku, ba ta jin tsami!"

Baƙo, yana murza ido, ya ce, "Ni ina ji."

Daga can baya wani lebura ya ce, "Oga, wannan fa kankare ne!"

Malam ya ce hassada ce, a kifa tukunyar a gani, shuka za ta zame ta fito da saiwarta lafiya. Ƙartin nan suka karkata ta. Ta kuɓuce musu. Tukunyar ta tarwatse a kan matakala, amma abin da ke ciki ko gezau, ga shi nan da siffar tukunya sak, har da zanen da matan Bwari suka yi mata ta ciki, tsinken gwabata a tsakiya. Ya tsaya kamar yana tunani, sannan ya gangara. Ya sauka matakala ɗaya bayan ɗaya, dum, dum, dum, yana ƙara gudu. 'Yan badujala suka watse, mai babban kakaki ya faɗa cikin kwata da kakakinsa a wuya. Dunƙulen ya bi ta ƙarƙashin teburin lemon kwalba ya ɗauke masa ƙafa ɗaya. Mata suka hau kujeru. Babanku na bin sa a guje yana cewa, "Ku tare! Ku tare mini Lamba Ɗaya!" Dunƙulen bai tsaya ba sai da ya yi karo da tayar motar baƙo, marfin tayar ya fita yana ta juyi a fili shi kaɗai.

Kowa ya bi marfin da ido. Sai dariyar Jacob, wanda ya biyo motar tukwane don kada a ba shi labari. Daga nan kowa ya ɗauka, har ɗan sandan da ya tare ni, ya riƙe ciki ya bar mini hanya.

Alhaji Datti ya gan ni. Ya ce, "Malama Hansatu, waɗannan naki ne?"

Na ce, "A da nawa ne, ranka ya daɗe. Yanzu na Dokta ne."

Malam ya dawo yana haki, hannun rigar ɗaya da ya rage shi ma ya yage. Ya ce, "Oga, tsakani da Allah, kai ka ce a nemo ƙasar da ba ta canzawa. Ta canza?"

Alhaji Datti ya dube shi, ya ce, "Ba ta canza ba, Sale. Ba kuma za ta canza ba har tashin ƙiyama."

Babanku ya juyo gare ni fuska cike da fara'a, ya ce, "Kin ji da kunnenki."

Wani ɗan darbejiya aka tumɓuko a bayan gini baƙo ya dasa. Lambun ma'aikata aka ba wani. Dunƙulen kankaren kuwa aka jera su a bakin ciyawa don hana motoci hawa, kuma shekara da shekaru duk baƙon da ya zo mana daga gida sai babanku ya kai shi ya nuna masa aikinsa.

Ni na koma Jabi na zauna gaban ɗan lemon nan mai ganye uku, ina kuka ina dariya, har Maman Innocent ta ce a kira mai magani. Da shi na sake farawa. Duk gidan da muka koma da shi nake tafiya a cinya, har muka gina nan na dasa shi. Daga 'ya'yansa na tayar da lambun da ya ciyar da ku. Babu murar da ɗayanku ya taɓa yi da ba lemonsa ya sha ba.

To bana ganyensa ya fara rawaya. Babanku ya zagaya shi, ya ɗebi ƙasar gindin ya shinshina, ya ce tsami ya yi mata yawa. Shekaranjiya na ga farar rigar nan a kan igiya, shi ya wanke ta da kansa, ba ta da hannu ko ɗaya yanzu. Jiya zoɓona ya ragu. Yau da safe kuma, Manniru, buhun simintin da ka kawo don gyaran katanga, na tarar an farke masa baki.

Na tare shi. Ya ce ya gano kuskuren wancan karon, wai ruwa ne ya yi yawa, yanzu ɗan barbaɗawa kawai zai yi. Na ce bishiyata ce. Ya ce tasa ce, don da bai duba ta da idon lab ya ƙi ta ba, da tuni tana bakin ciyawa tana tare motoci. Wai shi ya cece ta. Wai ni raino kawai na yi.

Ga sallamarsa can a ƙofa. Kun ga ledar da ke hannunsa? Lemo ne. Bishiya cike da lemo a tsakar gida, ya je ya sayo na kasuwa, wai na gida zai yi son kai a gwajin.

To ga ku ga shi. Ku raba mu yau, ku faɗa mana bishiyar ta wace ce, ta wanda ya yar ko ta wadda ta ɗauka. Uthman, kai ne babba, kai za ka fara. Manniru, kai je ka zauna a kan buhun can, kada ka tashi sai an gama.